Hukuncin Fanshon Ma'aikatan Jiha da na Ƙaramar Hukuma: Halaccinsa, Zakkarsa da Gadonsa

TAMBAYA

Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Birnin Gwari, saura mini shekara huɗu in ajiye aiki. Duk wata ana yankar wani abu daga albashina da sunan fansho, an ce yana hannun kamfani ana juya shi. Wani ɗan'uwa ya ce mini kuɗin ruwa ne, cinsa haramun. Shin haka ne? Akwai zakka a kansa? Idan na rasu, wanda na rubuta sunansa a fom shi ke da kuɗin, ko na magada ne duka? Sannan akwai abokin aikinmu da aka ɗauke a hanya, yau shekara biyu babu labarinsa, iyalinsa suna tambaya ko za su iya karɓar haƙƙinsa. Allah Ya saka da alheri.

AMSA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Amsar a taƙaice ita ce: asalin fansho halal ne, domin ladan aiki ne da aka jinkirta biyansa. Bashi ne a wuyan hukuma, amana ce a hannun masu kula da shi. Abin da shubuha ke shiga shi ne ribar da ake samu wajen juya kuɗin, kuma wannan yana da mafita a yanzu. Babu zakka a kansa sai ya shigo hannunka. Idan ka rasu, na magada ne gaba ɗaya bisa rabon da Allah Ya yi. Wanda ya ɓata kuwa, ba a raba dukiyarsa sai alƙali ya yi hukunci. Ga bayanin dalla-dalla, domin malamai sun ce hukunta abu reshe ne na fahimtar yadda yake.

Na farko: yadda tsarin yake

Fansho iri biyu ne a ƙasar nan. Tsohon tsari shi ne wanda aka gada tun zamanin Turawa, daga dokar fansho ta 1951, aka sabunta shi da doka mai lamba 102 ta shekarar 1979. A cikinsa ba a yankar komai daga albashin ma'aikaci. Idan ya ajiye aiki, sai a duba shekarun da ya yi da albashinsa na ƙarshe, a ba shi garatuti a dunƙule, sannan a riƙa ba shi fansho duk wata har ƙarshen rayuwarsa. Aibin wannan tsari shi ne babu kuɗin da aka ajiye a gefe. Daga kasafin kowace shekara ake biya, idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa sai tsofaffi su shiga layin jira. Haka bashi ya yi ta taruwa, har da na ma'aikatan bogi da matattun da ake karɓa da sunansu.

Saboda haka a shekarar 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, aka kawo sabon tsari na karo-karo wanda mutane ke kira adashin gata, aka kafa hukumar PenCom ta riƙa sa ido a kansa. A 2014 aka sake dokar, aka mayar da mafi ƙarancin abin da ake tarawa kashi 18 cikin 100 na albashi: kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aikin. Kowane ma'aikaci yana da asusu da sunansa da lambarsa. Kamfanin da ke juya kuɗin, wanda ake kira PFA, daban yake da wanda ke riƙe da su a ajiye, don kada hannu ɗaya ya haɗa riƙo da sarrafawa. Dokar ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi.

Ma'aikatan jiha da na ƙaramar hukuma kuwa, kowace jiha ita ke yi musu doka. Shi ya sa za ka ga bambanci tsakanin maƙwabta. Kano da Jigawa suna yankar karo-karo, amma a tukunya ɗaya ake zubawa, a biya wanda ya yi ritaya bisa lissafin shekarunsa. Jihar Kaduna ta yi dokar gyaran fansho a 2016, zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, ta fara aiki da asusun kowa da sunansa daga watan Janairu na 2017. Ma'aikaci yana ba da kashi 7, gwamnati tana ɗora kashi 13. Misali, idan albashin da ake lissafi a kansa naira 100,000 ne, za a yanki 7,000, a ɗora 13,000, asusunka ya samu 20,000 a wata, wato 240,000 a shekara.

Tunda ka fara aiki kafin 2017, haƙƙinka kashi biyu ne. Akwai abin da aka tara a asusunka daga 2017 zuwa yau. Akwai kuma haƙƙin shekarun da ka yi a tsohon tsari, wanda ake lissafawa a zuba maka a asusu lokacin ritaya. Wannan na biyun shi ne mafi yawan jinkiri yake faruwa a kansa a faɗin ƙasar nan, domin sai gwamnati ta ware masa kuɗi na musamman, kuma yawanci ba a fara biyan mutum sai ya shiga.

Na biyu: hukuncin asalin fansho

Wanda ya shiga aikin gwamnati ya ƙulla ijara ne, wato jinga a kan aiki da lada sananne. Daga cikin sharuɗɗan wannan ƙulli akwai cewa za a riƙe wani sashe na ladan a ba shi bayan ya tsufa. Allah Maɗaukaki Ya yi umarni da cika alkawura a farkon Suratul Ma'ida, kuma sharaɗin da bai halatta haram ba, bai haramta halal ba, wajibi ne a cika shi. Kashi 7 da aka yanka guminka ne. Kashi 13 da aka ɗora shi ma yana cikin ladan da aka yi alkawari. Babu ɗayansu da ya zama riba, domin ba bashi ka ba gwamnati ta ƙara maka a kai ba.

Kula da wanda ƙarfinsa ya ƙare daga baitulmali yana da asali a aikin magabata. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da abin da za a riƙa ba kowa a shekara. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya sa aka yanka masa abin rayuwa daga baitulmali, yana ganin rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yasar da shi a tsufansa. Idan haka aka yi wa wanda ba musulmi ba, kuma ba ma'aikacin hukuma ba, ina ga wanda ya ƙarar da shekara 35 yana koyar da 'ya'yan jama'a? Tanadi domin gaba ma ba ya karo da tawakkali, ga ƙissar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da ya ba da shawarar a adana hatsin shekarun yalwa domin shekarun fari.

Malaman zamani sun tafi a kan haka. Taron Majalisar Binciken Musulunci ta Azhar da aka yi a Alƙahira a 1965 ya tabbatar da halaccin tsarin fanshon gwamnati. Sun bambanta shi da inshorar kasuwanci, wadda Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta hana a zamanta na Jidda a 1985, saboda gararin da ke cikinta. Ita hukuma ba ciniki take yi da ma'aikacinta don neman riba ba, nauyin da ke kanta take saukewa.

Na uku: ina kuɗin ruwa ke shiga?

Ɗan'uwan da ya yi maka magana yana da gaskiya ta wani ɓangare. Kamfanonin fansho ba sa barin kuɗi a kwance. Dukiyar fansho a Nijeriya ta haura naira tiriliyan 20 a shekarar 2024, kuma fiye da rabinta bashi ne da aka ba gwamnatin tarayya ta hanyar takardun lamuni, mafi yawansu masu kuɗin ruwa. Wani sashe yana ajiyar banki mai ruwa, wani yana hannun jarin kamfanoni, masu tsabta da marasa tsabta. Haramcin riba kuwa a fili yake a ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279, har da shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari.

Tun 2018 aka kasa kuɗin zuwa asusu-asusu. Wanda bai kai shekara 50 ba, idan bai zaɓa ba, ana sa shi a asusu na biyu. Mai shekara 50 zuwa sama yana na uku, wanda ya yi ritaya yana na huɗu. A 2021 PenCom ta fito da asusu na shida, wanda aka gina a kan juya kuɗi ba tare da ruwa ba, ta hanyar sukuk da hannun jarin da aka tace da makamantansu. Kashi biyu ne, na masu aiki da na 'yan fansho. Sukuk ɗin gwamnatin tarayya, wanda aka fara da naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, an gina shi a kan ijara, abin da mai shi ke samu kuɗin haya ne.

Hukuncin da ke biyo baya shi ne kamar haka:

1. Shekarun da aka tilasta maka, babu zaɓi a hannunka, babu zunubi a kanka, domin Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa.

2. Yanzu da mafita ta samu, wajibi ne wanda ya sani kuma yake da iko ya nemi kamfaninsa ya mayar da shi asusu na shida. Ba a saka mutum kai tsaye, sai ya nema da kansa. Idan kamfanin ya yi ta jan ƙafa, tun watan Nuwamba na 2020 an buɗe damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Bayan ka koma, ka riƙa tambayarsu inda aka zuba kuɗin, da yadda suke tsarkake abin da ya gauraya.

3. Ribar da ta riga ta taru, malamai sun yi saɓani a kanta. Wasu malaman Hanafiyya na Indiya da Pakistan, kamar Mufti Muhammad Shafi, sun ce ƙarin da aka yi a kan kuɗin da aka yanka da tilas ba riba ba ne a haƙƙin ma'aikaci, tunda kuɗin bai taɓa shiga hannunsa ba balle ya ba da shi bashi. Wasu kuma sun ce a fitar da shi. Abin da ya fi kusa da tsantseni a tsarinmu shi ne na biyu, domin asusun da sunanka yake, kuma a madadinka ake juyawa. Ka karɓi takardar bayanin asusunka, za ka ga abin da aka zuba daban, ƙarin da ya samu daban. Uwar kuɗin taka ce tsaf. A cikin ƙarin sai ka kintata abin da ya fito daga ruwa bisa rinjayen zato, ka ba talakawa ko ka sa a maslahar jama'a kamar rijiya da magani, da niyyar rabuwa da shi. Za ka iya fitarwa kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda kuɗin ke zuwa maka. Idan kai kanka mabuƙaci ne da fanshon ba ya riƙe shi, malamai da yawa sun yi rangwamen ka ci gwargwadon buƙata.

Ranar ritaya za a ba ka wani kaso a dunƙule, sannan a ce ka zaɓi ɗayan biyu. Ko dai kuɗin su zauna a asusunka ana ba ka duk wata, abin da ya rage bayan ranka na magada ne. Ko kuma a miƙa su ga kamfanin inshora ya riƙa biyanka muddin kana raye, da lamunin shekara 10, wanda idan ka wuce su ka rasu magada ba su da komai. Na biyun musayar kuɗi ne da kuɗi a kan ajalin da babu wanda ya san shi sai Allah, wannan shi ne gararin da aka hana. Ka zaɓi na farko, a cikin asusu na shida na 'yan fansho.

Na huɗu: zakka

Sharaɗin wajabcin zakka shi ne cikakkiyar mallaka, ta yadda mutum zai iya sarrafa dukiyarsa lokacin da ya so. Kai kuwa ba ka da ikon taɓa asusun sai ka yi ritaya ko ka kai shekara 50 ba ka aiki. Wanda ya rasa aikinsa kafin nan, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, dokar tarayya ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 kawai. Saboda haka babu zakka a kai muddin kana cikin aiki, ko da ya kai miliyoyi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen musulmi ta yanke haka a zamanta na Dubai a 2005.

Idan ya shigo hannu, a mazhabar Imam Malik ana ɗaukarsa fa'ida, wato sabuwar dukiyar da ba ribar kasuwanci ba, kamar gado da kyauta da ladan aiki. Hukuncinta shi ne a fara ƙirga mata shekara daga ranar karɓa. Idan shekarar Musulunci ta zagayo, abin da ya rage ya kai nisabi, shi kaɗai ko haɗe da sauran kuɗinka, sai ka fitar da ɗaya bisa arba'in, wato naira 25 a kowace 1,000. Nisabi shi ne dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, kimanin giram 595, a ƙimanta da farashin ranar. Garatutin da aka riƙe shekara biyar sannan aka biya, ba a bin ka zakkar shekarun da aka riƙe. Fanshon wata-wata da yake ƙarewa a cefane babu komai a kansa. Wanda ya sayi gona ko shanu da garatutinsa kuwa, ya koma hukuncin zakkar amfanin gona ko ta dabbobi.

Na biyar: idan ma'aikaci ya rasu

Abin da ke cikin asusun, da bashin albashi, da garatuti ko fanshon da ba a biya shi ba har ya rasu, duk tarika ne. Wanda aka rubuta a fom a matsayin makusanci wakili ne na tuntuɓa da karɓa, rubuta sunansa bai mallaka masa ba. Dokar tarayya ma ba ta sakin kuɗin asusu sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Ya tabbata a hadisi cewa babu wasiyya ga mai gado, ga wanda ba magaji ba kuma ba ta wuce sulusi.

Za a fara da kuɗin jana'iza, sai bashi, har da wanda ya ci don fansar kansa ko iyalinsa daga hannun masu garkuwa, sai wasiyya, sannan rabo bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i. Misali, mutum ya bar mata da mahaifiya da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, abin da ya rage bayan bashi naira 2,400,000 ne. Matar tana da tumuni, 300,000. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 a kasa biyar: kowane namiji 680,000, mace 340,000. Babban ɗan da ya yi zirga-zirgar Kaduna za a iya mayar masa da kuɗin motar da ya kashe, amma wahalarsa ba ta ƙara masa kaso.

Akwai kuma inshorar rai da dokar tarayya ta ɗora wa mai aiki ya yi wa ma'aikatansa, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma ana biyan wanda mamacin ya ambata. Ma'aikaci ba shi ya ƙulla ta ba, don haka babu laifi iyalinsa su karɓa. Wasu malamai suna ganinta kyauta ce ga wanda aka ambata, wasu suna haɗa ta da tarika. Abin da ya fi kuɓutar da wuya, ya fi kuma kiyaye zumunci, shi ne a raba ta rabon gado. Ci gaba da karɓar fanshon mamaci ta hanyar ɓoye rasuwarsa kuwa haramun ne, haka rage shekaru a takarda don a daɗe a aiki.

Na shida: wanda aka ɗauke, babu labarinsa

Wannan musiba ce da mutanen Birnin Gwari suka sani, daga hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa, zuwa hanyar Funtuwa, zuwa ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku da Kuyambana. Sulhun da gwamnatin Uba Sani ta ƙulla a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, amma akwai gidajen da har yau ba su ga nasu ba, ba su kuma ga gawarsa ba. Allah Ya bayyana su, Ya ba iyalansu haƙuri.

A fiƙihu sunan irin wannan mafƙudi, kuma asali yana nan da rai har sai an tabbatar da akasin haka. Malaman Malikiyya sun rarrabe. Wanda ya ɓata a ƙasar musulmi lokacin zaman lafiya, matarsa za ta kai ƙara, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba, mafi shahara 70. Wanda aka san yana tsare a hannun maƙiya, shi ma rayayye ne a hukunci. Wanda ya ɓata a cikin faɗa, inda halaka ta fi rinjaye, wa'adinsa ya fi gajarta, alƙali yana iya hukunta mutuwarsa bayan ƙura ta lafa an bincika. Tantance wane ne a cikinsu aikin alƙali ne. Liman ko mai unguwa ko dangi ba su da wannan hurumin.

Ta ɓangaren doka, dokar tarayya ta 2014 ta ce idan ma'aikaci ya ɓata, aka shekara ba a gan shi ba daga ranar da aka ayyana ɓatansa, kuma kwamitin bincike ya ga ya dace a ɗauka ya rasu, sai a bi matakan biyan haƙƙin mamaci. Shawarata ga iyalin ita ce su sanar da 'yan sanda da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, su riƙe kwafi, domin daga ranar sanarwa ake ƙirge. Su kai maganar kotun shari'a tare da shaidun da suka san yadda aka ɗauke shi, musamman waɗanda aka tsare tare da shi suka dawo. Su nemi ofishin fansho na jiha ya faɗa musu takardun da ake buƙata. Kafin hukunci, alƙali yana da ikon yanka wa mata da ƙananan yara ciyarwa daga dukiyarsa. Idan babu abin ciyarwa, matar tana da haƙƙin neman a raba auren ba sai ta jira shekara huɗu ba. Idan kuɗin suka fito kafin alƙali ya hukunta mutuwarsa, a ci da iyali daga ciki, a adana sauran, kada a raba gado.

Na bakwai: nauyin da ke kan hukuma

Bukhari ya ruwaito hadisi ƙudusi da ke nuna Allah da kansa zai yi jayayya ranar alƙiyama da mutum uku, ɗayansu wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Wanda ya yanki kuɗi daga albashi bai zuba a asusun mai shi ba ya ci amana, ya saɓa wa aya ta 58 ta Suratun Nisa'i. Ma'aikacin ofis da ya danne fayil sai an ba shi na goro, cin hanci ya yi. Tsohon da aka matsa wa, ya rasa wata hanya, zunubin yana kan mai karɓa. A 2021 kotun tarayya ta ɗaure Abdulrashid Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, shekara 8 a kan dukiyar 'yan fansho, kuma hisabin lahira ya fi wannan tsanani.

Tsarin mulkin 1999 a sashe na 210 ya hana a riƙe ko a tauye fanshon ma'aikacin jiha, ya kuma ce a sake duba shi duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Wannan ya dace da adalci, domin bayan cire tallafin mai a 2023 kuɗin da ke sayen buhun masara a da bai kai rabinsa ba a shekarar 2024. Gyaran da shari'a ke nema ba ɓoyayye ba ne: a zuba karo-karo a kan lokaci, a ware kuɗin tsofaffin haƙƙoƙi duk wata kafin a shiga sababbin ayyuka, a biya bisa jerin wanda ya riga ritaya, a sallami waɗanda aka rage daga aiki da haƙƙinsu, a koma takafuli wajen inshorar ma'aikata. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kamata a fayyace wanda zai riƙa zuba kason malaman firamare, kada jiha da ƙaramar hukuma su yi ta tura wa juna. Tantancewa kuma a kawo ta kusa da mutane. Bai dace a ce tsoho daga Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa ya yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kaduna don kawai a ga yana numfashi ba. Neman haƙƙi ta hanyar ƙungiya ko kotu ko wakilai a majalisa halal ne, matuƙar babu ƙarya da ɓarna.

Kai kuma mai tambaya, kada ka jira sai ranar ritaya. Karɓi bayanin asusunka ka duba ko akwai watannin da ba a zuba ba, ka daidaita sunanka da ranar haihuwarka a duk takardu, ka adana takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma, ka koma asusu na shida, ka rubuta basussukanka, ka kuma sanar da iyalinka cewa wanda ke fom wakili ne kawai. Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya azurta mu da halal, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Allah ne mafi sani.